Idon Baba a Hanyar Al Khor

A shekarata ta biyu a Doha ina gadi a ƙofar wani rukunin gidaje a Al Gharrafa. Awa goma sha biyu nake yi cikin ɗan ɗakin gilashi, in ɗaga ƙarfe mota ta shiga, in sauke. A nan na san Baba. Direba ne a ɗaya daga cikin gidajen, mutumin Zangon Kumasi, ya ba hamsin baya sosai, gemunsa duk furfura. Shi yake kai 'ya'yan kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki, makaranta da safe, ya ɗauko su da rana. Kowa Baba yake ce masa, har 'yan Nepal ɗin da muke gadi tare. Ni kuwa bai taɓa kiran sunana ba, Bakatsine kawai yake cewa.

Wata rana muna hira na ce masa ban taɓa tsoma ƙafata a teku ba, sai dai in hango shi ta tagar bas. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Shekara biyu ruwa ya kewaye ka, Bakatsine? Ranar Juma'a ka shirya."

Lokacin sanyi ne. Kafil ɗinsa yakan bar masa ƙaramar motar gidan ranar hutu. Bayan mun sauko daga masallaci ya zo ya ɗauke ni a Madinat Khalifa, inda muke kwana mu shida a ɗaki. Ya taho da filas na shayi da dafaffen ƙwai da burodi, muka kama hanyar arewa. Ni babur na iya tun a gida, ban taɓa riƙe sitiyari ba, don haka na miƙe ƙafa ina kallon hamada. Na lura yana tuƙi ƙirjinsa dab da sitiyari. Sau biyu ya ce in karanta masa allon da ke gaba, wai Turancina ya fi nasa. Na karanta, ban kawo komai a raina ba.

Bayan garin Al Khor akwai wani ɗan tsibiri. Hanyar zuwa wurinsa cike ta aka yi da ƙasa da duwatsu, siririya, ta ratsa cikin ruwa, mota ba ta bi. Dama da hagu bishiyoyi ne gajeru da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, abin da ban taɓa gani ba. A wasu wuraren an yanke hanyar don ruwa ya wuce, an ɗora gadar katako. Muka ajiye mota muka taka. Mutane sun fito da iyalansu, Indiyawa da Larabawa da Turawa, wasu suna tuƙa ƙananan kwale-kwale na roba. Ruwa ya janye, ƙaguwoyi suna ta gudu a kan laka. Na zama kamar ɗan ƙauye ranar kasuwa, ina tsayawa ina ɗaukar hoto kowane taku goma.

A gada ta biyu Baba ya yi tuntuɓe da matakala, ya faɗi a kan gwiwa ɗaya. Na tashe shi. Ya ce takalminsa ne, ya karkaɗe wandonsa, amma daga nan bai ƙara sakin kafaɗata ba har muka isa tsibirin.

Muka sami wuri a bakin ruwa muka shimfiɗa darduma. Na naɗe wando na shiga har gwiwa, sanyin ruwan ya ratsa ni, na ɗanɗana da yatsa na tofar. Baba yana zaune yana dariya. Can nesa na hango wasu dogayen tsuntsaye masu siraran ƙafafu, fuka-fukansu jaja-jaja, sun tsaya cikin ruwa sun dulmiya kawunansu.

"Baba, dubi waɗancan tsuntsayen."

"Masha Allahu," in ji shi. "Suna da yawa kuwa."

Guda biyar ne kacal, kuma suna hagu da mu. Shi dama yake kallo, inda babu komai sai ruwa.

Na fito na zauna kusa da shi. Ya buɗe filas zai zuba mini shayi. Ina kallo ya tsiyaya shi a gefen kofin, ya zubo masa a yatsu. Bai ce wash ba. Ya ajiye filas ɗin a hankali, ya goge hannunsa a yashi.

"Baba, idonka."

Ya ce na hagun ya kusa shekara da dusashewa, abin da ke tsakiya ba ya gani sai gefe-gefe. Na daman ne yake aiki da shi, shi ma tun bayan Babbar Sallah ya fara ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a ciki. Yana da ciwon suga, maganin yakan sha ya bari. Hanyar makarantar yaran ya haddace ta, ya san kowace danja da kowane shataletale, shi ya sa ba wanda ya gane.

"To ka je asibiti mana, Baba. Kana da katin lafiya."

"In na je su rubuta. In suka rubuta, lasin ya tafi. Direban da ba lasin, me zai zauna yi a Qatar?"

Ya ce autarsa tana makarantar koyon aikin jinya a Kumasi, saura mata shekara ɗaya. In ta gama, shi da kansa zai miƙa makullin mota ya ce khalas, an gama, ya koma gida.

"Yaran mutane fa kake ɗauka," na ce.

"Ka ɗauka ban sani ba? Ƙaramarsu a hannuna ta koyi tafiya." Ya juyo da fuskarsa wajena, ɗan karkace, yadda zai same ni da idon dama. "Kai kaɗai ka sani, Bakatsine. Amana ce."

Ban ce na karɓa ba, ban ce ban karɓa ba. Muka yi La'asar a kan yashi. Ruwa ya fara dawowa, ya rufe lakar da ƙaguwoyin ke gudu a kai. Baba ya ce mu tashi, don in rana ta faɗi fitilun motoci suna tarwatse masa a ido. Sai a lokacin na tuna cewa shi ne zai mayar da mu Doha.

Na ce mu bar motar mu nemi tasi. Ya ce me zai gaya wa kafil, ina motarsa ta kwana? Na ce mu kira wani direban cikin 'yan'uwa ya zo ya tuƙa. Ya ce kafin Isha'i duk 'yan Zango da 'yan Najeriya sun ji. Ya shiga ya tayar da mota. Na tsaya a waje riƙe da darduma, na rasa abin yi, sannan na buɗe ƙofa na zauna na ɗaura bel.

Rana tana hannun damanmu, ta yi ƙasa, haskenta yana shigowa ta gilashi. Baba ya kama layin ƙarshe inda manyan motoci ke bi, ya ce in riƙa yi masa magana. Haka muka taho. Ina cewa akwai tirela a gaba, rage. Ina cewa ka matso hagu kaɗan, ka hau farin layi. Wata farar jif ta biyo mu tana walƙa mana fitila, ta wuce da gudu har motarmu ta girgiza. Duk addu'ar da na sani na karanta ta a zuci, bakina kuma bai daina lissafa masa abin da ke gaba ba. Da muka shigo gari ana kiran Magariba, ya tsaya a ƙofar gidanmu ya kifa goshinsa a kan sitiyari na ɗan lokaci, sannan ya ɗago ya ce in gaida mutanen ɗaki.

Ranar Lahadi da safe ina bakin aiki motarsu ta iso ƙofa, yara uku a baya da jakunkunansu. Baba ya ɗago mini hannu. Na ɗaga ƙarfen suka wuce.

Mako bakwai na yi ina ɗaga ƙarfen nan. Kullum in sun fita sai in kasa zama, in ta duba agogo har in ga ya dawo. Na nemo masa adireshin wani asibitin ido mai zaman kansa, ya ce zai je, bai je ba. Na roƙe shi ya ce wa kafil ya mayar da shi aikin cikin gida, ya ce suna da mai yi. Sau biyu maigidan nasa ya tsaya a ƙofa ya sauke gilashi muka gaisa, maganar tana bakina, na ce masa lafiya lau. In na faɗa, na raba dattijo da abincinsa, na tsayar da karatun 'yarsa. In na yi shiru, ga yaran nan uku. Ban iya zaɓar ko ɗaya ba, na bar kwanaki suna wucewa.

Abin ya ƙare ne wata Talata da rana. Yana shigowa da yaran ya ɗauki ginshiƙin ƙofarmu da gefen hagu, a gabana. Ba gudu yake yi ba, ba wanda ya ji ciwo, fitila ce ta fashe. Ƙaramar ta fara kuka. Baba ya fito yana laluben wurin da ya bugu da hannu, kafil ɗinsa ya iso ya tsaya yana kallon hannun nan. A ranar ya kai shi asibiti da kansa. Likita ya ce suga ya ci jijiyoyin idon hagu, ba abin da za a iya yi masa. Na daman aka yi wa allurai, aka ce da ya zo da wuri da an ceto fiye da haka.

Bayan wata biyu ya koma Kumasi. Ban raka shi filin jirgi ba, ina bakin aiki, ba a ba ni wanda zai canje ni ba. Mukan yi magana jefi-jefi, saƙon murya nake tura masa don ba ya iya karanta rubutu. 'Yar tasa ta dakatar da karatun, tana aiki a wani shagon magani, ta ce za ta koma. Bai taɓa tambayata me ya sa na yi shiru ba, ni ma ban taɓa ɗauko maganar ba.