Gidan Man Gwaggo, Inda Ba a Makara

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta ɗauke ni aiki shekarar da na yi aure. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta fara suyar ƙuli a tsakar gida tana kaiwa bakin tasha. Kafin in girma ta sayi filin bayan gidanta a Birnin Gwari, ta kafa rumfa, ta ɗauki mata suna matsar man gyaɗa, ana lodin jarkoki zuwa Kaduna. Ni na gama firamare, kuma ba na dariya a wurin aiki. Shi ya sa ta ɗora ni a kansu.

Aikin gyaɗa bi da bi yake. Da farko a tsince, sannan a soya, a murza, a bakace, a kai inji. In markaɗe ya dawo a zuba a turmi ana juyawa da ruwan zafi har mai ya taso, tunkuzar da ta rage a murza ƙuli da ita. Kowace mace na ba ta aiki ɗaya. Da safe ina tsaye a bakin ƙofa, wadda ta zo bayan an hura wuta sai ta koma gida. Da la'asar mu tashi tare. Suka sa mini suna Hedimasta, ban hana ba, domin na ɗauka girmamawa ce.

Sai daji ya lalace da 'yan bindiga. Mutanen Dogon Dawa da Kusasu suka riƙa shigowa gari da kayansu a ka, suna raɓawa a gidajen 'yan uwa. Masu gona a bakin daji suka daina zuwa lokacin da suka saba, sai ranar da aka ce hanya ta yi shiru, kowa ya ruga ya yi abin da zai iya ya dawo. Makara ta yi yawa a rumfarmu. Wadda ta fi ba ni wahala wata Bagwariya ce daga wajen Gayam, muna kiranta Maman 'Yan Biyu. Ba mu da mai suya kamarta, amma sai hantsi ya dubi ludayi take shigowa da laka a ƙafa.

Na kai ƙararta wurin Gwaggo, na ce a sallame ta don saura su shiga taitayinsu.

Gwaggo ta ce, "To ki tara mini su gobe."

Na tara su, ina jiran in ji kora. Gwaggo ta zauna a kan buhun gyaɗa ta ce daga yau babu lokacin zuwa, babu na tashi. Mai gona ta je gona, mai layin ruwa ta gama ɗiba, mai coci ta je cocinta. Wadda ta iso ta kama aiki daga inda ta tarar, a biya ta gwargwadon abin da ta yi. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ta koyi aikin kowa.

Da suka watse na bi ta ɗaki.

"Gwaggo, in mai matsa ta riga mai suya zuwa fa?"

"Sai ta soya."

"In duk suka ƙi zuwa?"

"Su ci me?"

"To ni mene ne aikina?"

Ta dube ni ta ce, "Ke ma ki zaɓi lokacinki, ɗiyata."

Ban taɓa jin an yi haka a ko'ina ba. Makaranta da lokacinta, asibiti da lokacinsa, salla ma ba a ce kowa ya yi sanda ya ga dama ba. Washegari na gwada zama a gida. Na yi wanka, na ɗaura ɗankwali, na zauna a bakin gado da mayafi a cinya. Maigidana ya leƙo ya ce, "Lafiya? Rasuwa aka yi ko biki za ki?" Na ce hutu nake yi. Ya ce bai taɓa ganin mai hutu sanye da takalmi ba. Na tashi na tafi aiki, na ci gaba da zuwa da safe ina tashi da la'asar, ni kaɗai.

Abin da nake tararwa ba ya shiga kaina. Wata rana in iske kasko da ɗumi, gyaɗa a soye a faifai, babu kowa. Wata rana in bar markaɗe in dawo in ga mai a jarka, ban san hannun da ya matsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa kamar da, amma babu wadda zan mayar. Maman 'Yan Biyu takan shigo da azahar ta ce, "Hedimasta, sannu da gadi. Na makara ko?" Saura su kwashe da dariya.

Na jira mai ya ragu don in nuna wa Gwaggo. Bai ragu ba, har aka ƙara jarkoki. Wannan ya fi komai damuna. In da ya ragu da na san inda kuskure yake. Na riƙa duba jarkoki ina sansanawa ko zan ji ƙauri, babu. Masu injin niƙa da wani mai gidan bulo suka zo tambayar Gwaggo yadda take yi, ta ce musu ita ba ta yin komai. Ni kuma na ci gaba da faɗa mata, a gaban kowa, cewa duk ranar da wurin nan ya dawo hannuna sai na mayar da lokaci.

Ranar kuwa ta zo. Ciwon ƙafa ya kwantar da Gwaggo, ɗanta ya zo ɗaukarta zuwa Zariya. Tana cikin mota ta kira ni.

"Wurin naki ne yanzu. Ki yi yadda kika ga ya dace."

"Ko da na mayar da lokaci?"

"Ai kin daɗe kina so," in ji ta, mota ta tashi.

Ban sanar da kowa komai ba tukuna. Na yi niyyar in fara da tara su, sannan in raba aiki, sannan in faɗi doka. Amma da na iso da safe na tarar sun riga ni, don labarin tafiyar Gwaggo ya kai musu. Rumfa ta cika, wasu a tsaye a rana, wasu da goyo, wasu da fartanya a hannu don daga hanyar gona suka juyo. Rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ashe su ne masu zuwa bayan na tashi, matan da suka baro ƙauyukansu, Gwaggo tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Kaskon suyarmu uku ne, turmi bai kai yawan hannuwan da ke jira ba. Sai a lokacin na lura wurin bai taɓa ɗaukarsu a lokaci ɗaya ba. In na mayar da doka, dole rabi su tafi.

Babu mai dariya. Maman 'Yan Biyu ta matso ta ce, "Hedimasta, ga mu, babu wadda ta makara. Wa da wa za su tsaya?"

Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, kowa ta zo a kan lokaci. Na buɗe baki in raba aiki, na rasa daga wa zan fara. Na dubi wata tsohuwa da ban sani ba, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Wa ya ce ku zo yanzu? Masu gona ku koma gona. Kowa ta zo lokacinta."

Suka tsaya suna kallona, sai da na daka musu tsawa suka fara watsewa. Mata huɗu suka rage. Ɗaya ta tambaye ni aikin da za ta kama, na ce ta duba da kanta, ni ban sani ba. Ta hura wuta, ni kuma na ja faifai na zauna tsintar gyaɗa.