Ɗigo Uku a Karkace

A gidanmu Madaidaiciya muke ce wa yayata, don tun tana ƙarama ba ta iya wuce abu a karkace. Hoton bango, takalma a bakin ƙofa, har hular Baba sai ta kai hannu ta gyara. Ta daɗe a wata maɗaba'a tana buga katin gayyata, sannan ta ajiye aikin ta kafa nata a ɗakin ajiyarmu: kwamfuta ɗaya, kujera biyu, fanka mai kukan tsiya. Ta ce daga yau ita mai zana tambari ce da takardar da ake liƙa wa kayan sayarwa. Baba ya ce ya ji, amma in aikin farko bai karɓu ba, ta koma ta ba maigidanta na maɗaba'a haƙuri.

Aikin farkon daga wata ƙawar Umma ya zo, dattijuwa mai haɗa man shafawa a gida. Wani babban kanti ya yarda ya gwada kayanta, muddin kwalbar ta fito da kamannin kirki.

"'Yata, ki sa hotona, da fure, da lambar wayata uku, da sunayen jikokina. Rubutun kuma ruwan zinare."

"Inna, kwalbar ko tafin hannu ba ta kai ba. Jikokin nawa ne?"

"Tara."

"Allah ya ƙaro, amma ba a kan kwalbar nan ba."

Yaya tana da ƙa'ida: ba ta buɗe kwamfuta sai ta ga inda ake yin kaya da masu sayensa. Na raka ta gidan Inna. Muna zaune muka ga duk kwalbar da ta rufe, sai ta ɗauko jan farce ta ɗiga wa murfin ɗigo uku, na ukun kullum ya ɗan zame ƙasa. Da haka take bambanta nata da na masu kwaikwayo. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce a ba ta mai ɗigo kwalba biyu. Yaya ta ɗauki hoton murfin.

Zane biyu ta yi. Na farko yadda Inna ta so, fure da zinare, kuma ta yi shi da kyau. Na biyu farar takarda ce, sunan man, sai manyan jajayen ɗigo uku, na ukun a zame.

Inna ta kama haɓa. "Wannan ƙazantar? Na zo ki raba ni da ita, kin ƙara mata girma?"

Na ja Yaya gefe na ce ta ba ta abin da take so mu huta. Ta ce, "Ita ce mai kaya, maganarta ce ta ƙarshe. Amma ba ita za ta saya ba. Bari dai ta gani da idonta."

Ta liƙa kowane zane a kwalba, muka ɗunguma kantin, ta roƙi mai kantin ya bari a ajiye su a jerin mai. Na ƙirga: iri ashirin da uku, sha ɗaya masu fure da zinare. Yaya ta tsayar da Inna a bakin layin.

"Nuna min mai furenki."

Inna ta nuna na wani kamfani. Ta sake nunawa, nan ma ba shi ba ne. Tana cikin cewa laifin tabarau ne, wata mata mai kwando ta wuce mu, ta tsaya cak, ta ɗauki farar kwalbar.

"Kai! Mai ɗigo ya shigo kanti? Da sai na hau mota biyu nake samunsa."

Mai kantin ya ce a kawo katan biyar. Inna ta gyara mayafi kamar dama shawararta ce, ta ce lambar waya dai sai an sa. An sa ɗaya, a baya.

Da yamma Baba ya juya kwalbar a hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Madaidaiciya, ɗigon nan fa a karkace yake."

"Na sani, Baba. Sai da na danne hannuna."

Ta miƙe ta gyara masa hula. Washegari ya sayo mata sabuwar fanka.