Sunan da Saje Ya Daina Kira

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba shi da suna. Wato yana da shi, an yanka rago an raɗa masa, amma ba za ka ji shi a bakin iyayensa ba. Kakanninmu masu shanu ne da suka zauna a Haɗeja suka kama noma, sun bar yawo amma ba su bar kunyar ɗan fari ba. Mahaifina "kai" yake ce mini. In yana maganata da wani sai ya ce "yaron nan". Mahaifiyata ko ido ba ta cika haɗawa da ni ba, in ta zuba mini tuwo sai ta ba wani ya miƙo. Ƙanina mai bi mini kuwa, tabɗi! Tun asuba ake kiran sunansa har rana ta faɗi, a goya shi, a yi masa kirari, ni ina gefe ina haɗiyar yawu.

Mutumin farko da ya kira sunana da ƙarfi a gaban jama'a, har na waiga ina neman wa ake nufi, shi ne Saje. Tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Bama da ɗingishi da tari, aka ba shi gadin wani sito na gyaɗa. Allah bai ba shi haihuwa ba, daga shi sai matarsa, wadda duk yaran unguwa muke ce wa Inna. A can wajen yaƙi ya koyo wani wasa a wurin sojojin wata ƙasa, ya zo mana da shi. Mu buga-ka-ruga muke ce masa. Wani ya jefo ƙwallo, kai ka maka mata sanda, ka yar da sandar ka zagaya tasha huɗu a guje kafin a tsinto ƙwallon a riga ka. Ƙwallonmu ɗan goruba ne da aka naɗe da tsumma, baduku ya ɗinke da fatar akuya. Tashoshin fasassun gorunan masunta ne. Sandar ita ce abin kallo, Saje da kansa ya sassaƙa ta daga icen kanya, riƙo ya sa ta yi santsi tana sheƙi. Matan unguwa taɓaryar soja suke ce mata, su yi ta dariya in ya wuce da ita a kafaɗa.

Filinmu aro muke yi a wurin kogi. Da damina ruwa ya malale fadamar, masunta su hau gora suna su a daidai inda muke gudu. Sai ruwa ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage, sannan Saje ya fito mu bi shi ɗuu. Ranar da na fara samun ƙwallon da kyau, ta tashi ta haye kan kowa ta faɗa gonar albasar wani. Saje ya cire hula yana kaɗa ta, yana ta ƙwala sunana, tari ya sarƙe shi, ya huta ya sake ƙwalawa. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba don daɗi.

Daga nan na zama ɗan gidansa. Ni ke ɗaukar sandar, ni ke jera goruna, ni ke ɗebo wa Inna ruwa. Wata damina da tarin ya kwantar da shi, ni na yi musu yaɓen ɗaki, na nome musu 'yar gonar gero da ke bayan gari, ba wanda ya sa ni. A gida ana cewa yaron nan ya tare gidan soja, ni ko a jikina.

Sai ga ƙanina. Da ƙafata na kai shi, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan, mahaifiyarmu ce ta aiko a ce mini in tafi da shi ya daina damunta. Bahago ne, ya sha dukan ludayi a bayan hannu don ya koyi cin abinci da dama. Muna cikin wasa ya ɗauki hoge ya jefi wata kurciya da ke kan reshe, da hagun nan tasa da ake hana shi. Kurciyar ta tsira da ƙyar. Saje ya tsaya cak.

"Zo nan, yaro. Wa ya koya maka jifa?"

"Ba kowa, Baba."

"Yaya sunanka?"

Ya faɗa. Saje ya maimaita sunan, ya miƙa masa ƙwallon ya ce ya jefo wa babban cikinmu. Babban namu ya kai duka ya daki iska, ya sake ya daki iska. Jifar bahago karkacewa take yi, ba mu saba da ita ba. Saje ya yi dariya har da riƙe ciki.

Tun daga ranin nan sunan ƙanina ya cika fadamar, nawa kuma ya ɓace. Ba a hankali ya ɓace ba, ɗif aka ɗauke shi. "Kai, je ka tasha ta uku." "A ba wancan sanda." Ni ne kai, ni ne wancan. Haba! Abin da na gudo wa a gida ya biyo ni har bakin kogi. Inna ma ta canza. Matar da ke zolayata tana ce mini mai ƙafar sauro ta daina, in na kawo ruwa sai ta sunkuyar da kai ta ce sannu a taƙaice. Na ce a raina, miji ya juya baya, ina ga mata.

Ƙyashi ya kama ni, ba zan ɓoye ba, kuma ba na jin kunyarsa. Ƙanin nan nawa yana da uwa, yana da uba, suna kiransa har muryarsu ta dushe. Ni mutum ɗaya tak na samu a duniya, shi ma sai ya bi ni ya karɓe? In na ji sunansa ya fito daga bakin Saje sai in kau da kai. Na ƙara himma, na fi kowa sammako, na buga ƙwallo har tafin hannuna ya yi kanta. Ko kallo ban ishe shi ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zuwanmu Malam Madori. Saje ya koya wa 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa wasan, aka shirya mu kara da su. Ƙanina ya yi jifa mai kyau, ba na musu. Amma da wasa ya zo ƙarshe suna gaba da mu, ni na karɓi sanda na maka ƙwallon ta haye layin dogo, mutanenmu da ke kan tashoshi duk suka ƙarasa zagaye. Na iso tashar ƙarshe ina haki, ina kallon bakin Saje. Ya dube ni kaɗan, ya kau da kai, ya sunkuya ya ɗauki ƙanina a wuya, da ɗingishin nasa da komai, yana yi masa kirari. Ni abin da na samu shi ne, "Kai, tattara gorunan nan."

A hanyar dawowa ƙanina ya matso yana miƙo mini guntun raken da Saje ya saya masa.

"Yaya, ungo."

"Ci abinka, ɗan gaban goshi."

"Yaya, me na yi maka ne?"

"Je ka tambayi ubanka Saje."

Ya yi rau-rau da ido, ni kuwa na ƙara sauri. Son maso wani ƙoshin wahala, in ji masu magana, kuma na ƙoshi. Duk da haka ban daina zuwa gidan ba. Na sha ƙudura cewa yau zan tambaye shi laifin da na yi, in na isa zaure na gan shi yana tari sai in ɗauki tulu in tafi rijiya.

Da damina ta zagayo tarin ya ci ƙarfinsa. Ya rasu wata safiya, lokacin ruwa ya shanye filinmu har ba ka ganin ko kan ciyawa. Na bi makara har kushewa, na yi kuka irin wanda ban san ina da shi ba. Amma ko a cikin kukan, in na dubi ƙanina yana sharɓe hawaye mutane suna dafa kansa suna cewa yaron Saje ne, a yi masa ta'aziyya, sai zuciyata ta tafasa.

Bayan sadakar uku Inna ta aiko a kira mu, mu biyu. Tana zaune a tabarma cikin takaba, sandar tana gefenta. Ta kira sunan ƙanina, ta ce marigayi ya ce a ba shi. Ya karɓa da hannu biyu ya fita yana shessheƙa. Na jira in ji nawa rabon. Shiru. Na miƙe zan tafi, sai bakina ya riga ni.

"Inna, ni laifin me na yi masa?"

Ta ɗago kai. Rabon da ta dube ni haka an daɗe.

"Laifi kuma?"

"Ya daina kiran sunana. Har ya mutu bai sake kira ba."

Ta goge ido da gefen mayafi. "Ka taɓa jin mahaifinka ya kira sunanka?"

"A'a, Inna."

"To, tun daminar da ka yi mana yaɓe ya ce da ni, Allah ya ba mu ɗan fari da girmansa. Ya ce sunan nan ya fi ƙarfin bakinsa. Ni ma ya hana ni. Ranar da kuka dawo daga Malam Madori har abinci ya huce yana ba ni labarin bugun da ka yi." Ta sake sunkuyar da kai. "Sanda ta ɗalibi ce. Ɗa ba a yi masa kyauta mutane na gani."

Ni da aka rene ni da wannan kunyar tun ina cikin zani, ni ne na kasa gane ta da ta zo mini daga wani bakin. Na fito ban san inda nake jefa ƙafa ba. Na tarar da mahaifina a zaure yana tufka igiya, bai ɗago ba ya ce, "Kai, ka dawo?" Na ce na dawo. Na daɗe a tsaye ina kallon ƙeyarsa kafin in shige ciki.

Yanzu duk mun tsufa, wasan ma ya mutu tuntuni, an mai da filin gonar shinkafa. Sandar tana rataye a ɗakin ƙanina, kuma ba ita nake yi masa ƙyashi ba. In muna hira aka ambaci Saje, sai ya gyara murya ya kwaikwayi yadda yake ƙwala masa kira, da jan ƙarshen sunan da ɗan tarin da ke biyo baya, jikoki su yi ta dariya. Rannan na cire kunya na ce ya kwaikwaya mini nawa. Ya yi tunani, ya ce, "Yaya, ai ni ban taɓa ji ya kira ka ba." Ni da na ji, na yi na yi in tuna yadda yake faɗinsa, na kasa.