Kwale-kwalen da Ari ya Cika da Ruwa

A gabas da Haɗeja, inda kogi yake rarrabuwa cikin fadama, akwai wani tafki da ake kira Gajiri. Mai tsaronsa Ari ne, dogon mutum siriri, wanda ƙafafunsa suka yi fari saboda daɗewa a ruwa. Aikin nasa ba rawani, ba albashi. Sanda ce kawai. Idan ruwan farko ya sauka, yakan kafa sandar gora a bakin tafki, ya ɗaura mata farin ƙyalle. Daga ranar babu mai jefa raga, birgi ko koma, sai an yanke gero, domin a lokacin ne kifi yake zuba ƙwai. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma yake yi tun gemunsa yana baƙi.

A duk kifayen Gajiri, bargi ya fi so. Ba don daɗinsa ba. Yakan ce bargi ne kaɗai kifin da ya san gida. Yana tsinke ciyawa da bakinsa, ya share fili zagaye kamar shimfiɗar tabarma, uwa da uba su tsaya gadi har 'ya'yan su fito, baƙi ƙirin, suna yawo a dunƙule kamar inuwar gajimare.

Shekarar babbar ambaliya, ruwa ya fasa kududdufan kiwon kifi na wani attajiri can sama, ya kwaso wani baƙon kifi mai kauri, mai ɗan gashin baki, ya zuba a Gajiri. Masunta suka sa masa suna ɗan kwangila, saboda wuni yake yana haƙa, ya bar wuri a dagule. Ari ya yi masa abin da ake yi wa kowane kifi. Ƙanana aka mayar ruwa, da damina sanda ta tsare shi.

Cikin 'yan shekaru tafkin ya zama kamar kunun kanwa. Ciyawar gefe ta tuge, bado ya daina fure. Karfasa ta yi ƙaranci, bargi kuwa sai a yi mako ba a ga ko ɗaya ba.

Malama Rebecca, ma'aikaciyar sashen kula da kifi, 'yar Filato ce da ta daɗe a Haɗeja har harshenta ya koma na gari. Ta zo a kan babur, ta tsuguna a gaban Ari ta buɗe cikin wani ɗan kwangila. Ƙwai ya cika tafin hannunta har yana zuba.

"Baba, sunansa kap da Turanci. Ya fi sauƙin kamu lokacin da yake fitowa gefe zuba ƙwai."

"Lokacin sanda ke nan, 'yata."

"Na sani, Baba."

"Kin san abin da kike cewa in yi?"

Ta wanke hannunta a ruwan da ba ya wanke komai.

Ari ya yi ta juya maganar. In ya bar sanda, baƙo zai ƙarasa bargi. In ya cire, bai san abin da mutane za su yi ba. A ƙarshe ya je wurin Bulama, aka tara masunta a gindin tsamiya, aka yi alkawari: ɗan kwangila kaɗai za a kama, duk kifin gida da ya shiga raga a mayar da shi. Aka shafa Fatiha. Washegari da hantsi, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko, Ari ya tuge sandar da hannunsa.

Da farko abin ya yi kyau. Aka tara ɗan kwangila tsibi-tsibi a gaɓa, mata suka hura wutar banda, hayaƙi ya kwanta a kan fadama. Mustapha, taubashin Ari, ya ɗaga wani ƙato yana dariya.

"Ga baƙonka nan, mai masauki! Shekara nawa kana yi masa gadi kyauta? Da ka aura masa 'yarka ma an huta."

"Kai ya kamata ya aura, ƙaton banza. Cikinku iri ɗaya ne."

Amma labari ya bi kasuwa. A Kafin Hausa aka ji an buɗe Gajiri da damina, ba a ji sauran zancen ba. Mutane suka fara zuwa daga ƙauyukan da ba su zauna gindin tsamiya ba, da manyan ragogi irin taru, har da gidan sauro da aka ɗinke. Ari ya bi gaɓa yana roƙo. Wani saurayi ya ce masa, cikin ladabi kuwa, "Baba, ai ba mu ga sanda ba." Ari ya mayar da sandar. Ba wanda ya dube ta. Da mutanen gari suka ga baƙi suna kwashewa, su ma suka daina mayar da komai.

A ranar aka ga Ari yana abin da aka ɗauka ruɗewa ce. Ya jawo kwale-kwalensa, ya ɗauki ƙwarya, yana ɗibar ruwa yana zubawa a ciki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kwarfe ruwa daga jirgi, ga shi yana cika shi. Da ya kai rabi, sai ya shiga tsakanin masu jan raga, ba faɗa, ba wa'azi, yana cewa a ba shi bargin da yake da rai. Wasu suka juya baya. Wasu suka ba shi ƙanana. Mustapha yana riƙe da wata babbar macen bargi, cikinta a cike da ƙwai, ya daɗe yana kallonta.

"Wallahi miyar gidana ce ta yau da gobe."

"Na sani."

"Karɓi, kafin in dawo hayyacina. In ta haihu a sa wa ɗan sunana."

Kifi suka hau jirgi, mai jirgi ya bi ruwa da ƙafa. Ya tura shi cikin wata tsohuwar hanyar ruwa da ciyawar kacala ta toshe, ganyen yana yanka masa hannuwa, Mustapha yana gaba yana sara da lauje yana zaginsa. Inda hanyar ta ƙare, suka riƙa ɗaukar kifin a jiƙaƙƙen buhu, suna haurawa da gudu irin na tsofaffi, zuwa wani kwari da ke bayan tudu, wanda kogi ba ya kaiwa, ruwan sama kaɗai yake tarawa. A gefen kwarin gonar shinkafar Saude take, matar Ari.

Biyu sun mutu a hanya. Sauran suka nutse, ba a sake ganinsu ba. Ari ya riƙa zuwa kullum yana tsayawa a kan kunyar gona yana duban ruwan. Gajiri kuwa an tace shi, baƙo da ɗan gida. Malama Rebecca ta ce ɗan kwangila ya ragu ƙwarai, amma ta faɗa ne tana kallon ƙasa.

Da ruwa ya cika kwarin ya malala cikin shinkafa, wata safiya Saude ta dawo daga gona zaninta a jiƙe, ranta a ɓace.

"Malam, zo ka ga ɓarnar da mutanenka suka yi mini."

Ya bi ta. A kusurwar da shinkafar ta fi kyau, an tsinke ta tun daga tushe, an share fili zagaye. Ruwan wurin garau yake. A tsakiya wani abu baƙi yana motsi a dunƙule, babban bargi yana kewaya shi a hankali.

Ari ya tsuguna cikin ruwa har ƙirji. Saude ta tsaya tana duban shinkafarta da ke yawo a sama.

"Irin da na ɓoye tun bara ne fa," in ji ta. Sannan ta ja shi da gefen riga. "Matso baya, kana tsorata su. Ciyawar nan wajen ma na fasa cirewa."