Kabejin da muka kai gaisuwa Unguwar Sarki

Wata Juma'a ce ta ƙarshen Oktoba, shekarar da na shiga aji biyar, Baba ya ɗora mini kwando a ka muka taka tun daga Abakpa har Unguwar Sarki. Kabeji ne a ciki, manya, masu nauyi, Baba ya wanke su ya jera latas a sama. Wuyana kamar zai karye, amma ina tafe ina taƙama, don a lokacin duk unguwarmu babu mai lambun da ya ko fara dashe.

Filin lambun ba namu ba ne. Aro wani Alhaji ya ba Baba, lokacin wurin bola ce, ba abin da ke ciki sai fasassun kwalabe da ledoji. Shekaru muka yi muna tsince su, muna kwaso kashin kaji da toka a buhu, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Kowa ya san kabeji ɗan sanyi ne, sai ruwa ya ɗauke ake sa shi. Baba kuwa ya ce shi da kaka zai girbe nasa. Tun cikin marka ya yafa iri a tudun da ya tayar, ya yi masa 'yar rumfar ciyawa, kada ruwa ya dake shi, kada rana ta ƙone shi. Maƙwabta suka yi ta dariya, suna cewa Bakatsine, wato Baba, ya gina wa ganye ɗaki. Ni ce mai buɗe rumfar da safe, in rufe kafin in tafi makaranta, da yamma kuma ƙawayena na 'yar gala-gala ni ina duƙe ina tsince tsutsa a bayan ganye. Rabin irin ya ruɓe. Rabin da ya tsira ya ƙulla kai, ya cika hannu.

Al'adar masu aron fili ce, abin da ya fara nuna a kai wa mai ƙasa. Inna ta ce a zaɓi matsakaita, ido ba ya son ganin ƙoshin talaka. Baba ya ce, "Ba a gaida babba da ragowa." Ya yanko mafi kyau.

Da muka isa gidansa a Unguwar Sarki, Alhaji ya ɗaga kabeji guda yana jinjinawa, ya tambaya, "Malam, a bolar nan wannan ya fito?" Baba ya durƙusa ya ce, "A nan ne, ranka ya daɗe, albarkacinka." Aka sa mana albarka, aka ba ni alawa. Ba a yi nisa ba saƙo ya iso: Alhaji yana da ɗan ƙane da ke zaman banza, shi zai ci gaba da lambun, mu kwashe namu mu tashi. Muka yanke na yankewa, sauran da bai ƙosa ba muka bar musu a tsaye.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne da damina ta zagayo. Ɗan ƙanen nan ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ba kunya ba tsoron Allah, wai a nuna masa yadda ake rumfar iri. Na tsaya a bayan ƙyaure ina jiran Baba ya kore shi. Sai na ga ya ɗauki fartanyarsa. Na ce, "Baba, filin da suka ƙwace?" Ya ce, "Uwani, ƙasar ba ta yi mini laifi ba." Ya bi shi, ya yini yana koya masa, ya dawo ya koma turin baro a kasuwa, sana'ar da ya mutu a kanta. Har ya bar duniya ban ji ya zagi mutanen nan ba, ni na ɗauke masa wannan aikin.

Yanzu shaguna ne jere a wurin, an shafe ƙasar da siminti, yaran da ke wasa a gabansu sun ɗauka daga mota kabeji ke fitowa. Nakan rage tafiya in na zo wucewa, don na san abin da ke ƙarƙashin simintin nan, ƙuruciyata ce da ƙarfin ubana. Shi ya yafe, Allah ya jiƙansa. Ni har yau ban iya ba.