Dambun Gayya a Hanyar Makoda

Jama'a, wallahi tallahi abin da zan ba ku ba ƙirƙira ba ce, a gabana aka yi, kuma wanda abin ya faɗa wa yana nan da ransa a Rijiyar Zaki, sai dai ba zan kama sunansa ba saboda darajar ƙanwata da yake aure, ba don tasa darajar ba. A shekarar da abin ya faru ina jan bas tsakanin Kano da Makoda, damina ta yi tsaka, motar tawa tana gareji an sauke mata inji, ni kuma ina zaman kashe wando a gida.

Sai ga mijin ƙanwar tawa, bari in kira shi Malam Araha don haka muke kiransa a bayan idonsa, ya zo da wata akwalar mota da ya aro, wai shi da ƙanwar tawa Ladidi za su zaga garuruwa suna ɗanɗana abincin kowane gari suna ɗauka a waya, su nuna wa duniya yadda ake yawon buɗe ido ba tare da aljihu ya ji ciwo ba. Ni ne zan ja su, tunda direban gida ba a biyansa. Ban so ba ko kaɗan, amma Inna ta ce in je ko don Ladidi, kada ya zuba mata 'ya a rami.

Allah na tuba, ban taɓa ganin mutumin da rowa da kwaɗayi suka haɗu a jikinsa kamar wannan ba. A kasuwar Gezawa haka ya bi masu tsire ɗaya bayan ɗaya yana karɓar ɗanɗano yana yatsina fuska wai yaji ya yi yawa, har ya ƙoshi bai sayi ko tsinke ba. A Ɗambatta ya saya mana awarar da ta kwana don an karya mata farashi, ita ce ta murɗe min ciki na wuni ina neman bayan gari. Amma babbar dabararsa ita ce tayi. Kun dai san yadda muke, in ka wuce mutum yana cin abinci zai ce maka bismillah, kai kuma ka ce Alhamdulillahi, a ci lafiya, ka yi gaba. To shi Malam Araha da an ce bismillah sai ya naɗe hannun riga ya tsuguna, ya cinye wa bawan Allah rabin abincinsa, yana kallon waya yana cewa, "Kun gani ko, mutanen ƙauye akwai karamci." Ladidi sai dai ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuwa in koma mota in zauna don takaici.

Ranar da abin ya faru mun baro Ɗambatta mun doshi Makoda, sai ya ce in sauka daga kwalta in bi wani burtali, wai yana neman asalin abincin ƙauye, wato dai wanda ba a saya. Yankin nan a nan aka haife ni, gona ce jikin gona, ba ka samun ko tafin hannu da aka bari ba shuka, kuma kusan kowa na taɓa ɗaukarsa a bas. Ana gab da azahar sai muka ɓullo kan wata ƙatuwar gonar gero ana gayya, maza sun jeru sun sunkuya da fartanya suna tafiya tare, makaɗi yana bin bayansu da ganga. A gindin wata ɗorawa ga wani tsoho zaune, gabansa akushi cike da dambu yana ƙyallin mai, gefe ga ƙwaryar fura da ludayi.

Abu biyu na lura da su, amma murɗar ciki ba ta bar ni na yi tunani ba. Duk cikin mutanen nan ban gane fuskar kowa ba, ba kuma wanda ya ɗago ya amsa sallamarmu. Sannan makaɗin nan hannunsa yana ta sauka a kan ganga, amma ni ban ji komai ba, na ce ko iska ce take kwashe sautin ta yi wani wajen da shi.

Tsohon ya dube mu ya ce, "Bismillah."

Na ce, "Alhamdulillahi Baba, a ci lafiya." Kafin in rufe baki gogan naku har ya tsuguna ya miƙa wa Ladidi waya.

Tsohon ya ce masa, "Ɗana, ka dai san na gayya ne ko?"

Ya ce, "Haba Baba, abinci ai sunansa abinci."

Ya ci, ya ci, kai ka ce an yi masa albishir da yunwar shekara, yana santi yana wa waya bayanin zogale da ƙuli. Bai tsaya nan ba, sai da ya matsa wa Ladidi wai ta kurɓi fura a ɗauke ta, ta ƙi, ya haɗe rai, ta ɗauki ludayi ta kai baki sau ɗaya ta ajiye. Da ya gama yana suɗe yatsu, sai tsohon ya jawo wata fartanya daga bayansa ya miƙa masa ya ce, "To ga taka, akwai kunya guda a can gefe da ba a taɓa ba."

Ko yaron goye a ƙauye ya san abincin gayya na wanda ya sunkuya ne, in ka sa hannu a akushi to ka sa hannu a ƙota. Amma Malam Araha sai ya bushe da dariya, ya ɗaga tafukansa masu laushi kamar na jariri ya ce, "Ni Baba? Hannun nan biro ya sani. Sai dai wata rana in na dawo."

Tsohon bai ji haushi ba, ya ce, "To, Allah ya kai mu. Za mu ajiye maka."

Ita kuwa Ladidi, tarbiyyar Inna ba ta bar ta ba, kunya ta kama ta, ta tattara akushi da ludayi ta wanke da ruwan tulu, ta shiga gonar ta kwashe ciyawar da aka nome a bakin kunya ta kai gefe, mijin yana mata tsiya wai za ta ɓata lalle. Da ta dawo tsohon ya ce mata, "Ke kin sauke naki, 'yata, ki gaida gida."

Mun hau kwalta ke nan ya kunna wayar don ya ga abin da aka ɗauka. Hoto babu, baƙi ƙirin, amma sai ga kiɗan gangar noma ya cika motar, da muryoyin maza suna amshi, kiɗan da ba wanda ya ji a cikinmu lokacin da muke tsaye a wajen. Innalillahi! Na taka mota ban ko waiwaya ba, shi kuwa abin da ya dame shi wai an yi asarar bidiyo.

Washegari da hantsi muna hanyar Kazaure barci ya kwashe shi a kujera, barcin da jijjiga ba ta tayarwa, gumi yana tsiyaya, yana nishi yana haki kamar mai ɗaukar buhu. Bai farka ba sai da aka kira azahar, ya farka yana ihun bayansa, tafukan nan duk sun yi bororo sun fashe, da ya cire takalmi sau-ciki da safa sai ga danyar ƙasa tsakanin yatsunsa. Ni ba ta tasa nake ba, Allah ya sani, hannun Ladidi na kama ina juyawa, don ita ma ta kurɓa. Kullum sai na duba har damina ta fita, tafinta ko bororo ɗaya bai yi ba.

Shi kuwa haka ya ci gaba, kullum hantsi zuwa azahar, har aka yi girbi abin ya tsaya, ruwan farko na sauka ya dawo. An je asibiti, an yi ruƙiyya, an sha rubutu, shiru. Wajen aikinsa suka gaji da mai barci a kan tebur suka sallame shi. Da wuya ta yi wuya ya roƙe ni in mai da shi gonar, kuma kun san me ya yi? Ɗan ƙwadago ya ɗauko, bayan ya gama ja-in-ja da shi a kan lada, wai ya nome masa kunyar. Wani dattijo mai gona a maƙwabta ya ce mana kada mu wahalar da yaron mutane, wannan gonar tun kakanninsu ba a san mai ita ba, ba a ganin mai shuka, ba a ganin mai girbi, amma ba ta taɓa kwana da ciyawa ba. Dole gogan ya karɓi fartanyar da kansa muka nufi kunyar gefe, sai muka tarar an riga an nome ta a ranar, noma irin na wanda bai iya ba, a karkace, an sassare gero an bar ciyawa, ga kuma sawun takalmi sau-ciki a kan danyar ƙasa tun daga farko har ƙarshe. Ya ɗora ƙafarsa a kan sawun, ya zauna daram.

Har yau ban san su waye ba, ban kuma nemi sani ba. Ladidi tana nan lafiya da 'ya'yanta, sai dai duk damina ita ce da shafa masa man kaɗanya a hannuwan da yanzu suka yi kanta kamar bayan kunkuru. Ni dai shawarata, in an ce muku bismillah a hanya ku san abin da kuke amsawa, in kuwa har kun ci, to ku sunkuya a take tun ana karɓa.

Duk shekara in na bi ta wajen nakan tsaya in leƙa daga nesa. Bana na ga kunyar gefen nan ta miƙe sak, ba sara ko ɗaya a jikin gero, ta kusa da ita ma sawun takalmin ne a kai. Da alama an ga ya iya, an ƙara masa.