Hannun da Ya Shiga Rumbu Ba ta Baki Ba

A gidanmu na Ƙofar Marke, tsakanin magariba da lisha lokacin Inna ne, mahaifiyar babanmu. An sauke tuwo, garwashi bai mutu a murhu ba, sai ta miƙe ƙafafu a tabarma mu jikoki mu kewaye ta. Ni nakan zo da takardar da nake koyon rubutun ajami a kai. Tatsuniyoyinta akwai jini a ciki, kuma ba ta sassautawa don muna yara.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta mutanen gefe na bakwai.

"Gabas, yamma, kudu, arewa, sama da ƙasa, shidda ke nan," in ji ta. "Akwai na bakwai, mu dai ba mu iya juyawa can."

Na ce ban yarda ba.

"Angona sarkin gardama, miƙo takardarga."

Wata tururuwa na tafiya a kan takardar. Inna ta tsoma yatsa a tawada ta kewaye ta da zane. Tururuwar ta yi ta zagaye, ta rasa mafita.

"Ita ganuwa taka gani. Kai hwa? Kana ganin ciki da waje, kana sa yatsa ba ka hwasa komi ba. To haka suke gare mu."

Sannan ta gyara zama ta ce ga ta nan tafe, muka ce ta iso.

A wata shekarar yunwa, mutanen wani ƙauye suna da rumbun tsimi guda. Tanko ne mai liƙe bakinsa da laka, ya danna tafinsa a kai ya zama shaida. Ranar da aka buɗe, gero ya ragu da rabi, shaidar kuwa ba ta motsa ba. Suka ce ba mai iya fasawa ya mayar sai mai tafin. Suka ɗaure shi a jikin tsamiya, suka sa masa sanduna har haƙarƙarinsa ya karye, haƙora suka zube. Suka ce kwana uku, in bai fito da geron ba za su ƙarasa shi.

Yayarsa Hajo ta ce a liƙe ta cikin rumbun da mashi. Aka yi dariya, aka liƙe ta.

A rana ta biyu, da ɗan hasken da ke shiga ta wata tsaga, ta ga dunƙulen nama biyar sun bayyana a iska kamar dabino. Suka yi tsawo, suka haɗu suka zama hannu, ba damtse ba kafaɗa. Hannun ya dumbuzi gero. Hajo ta yi bisimilla ta caka masa mashi har ya kafe a ƙasan rumbu.

Ihun da aka ji, ba wanda ya san daga ina ya fito. Maza suka rushe rumbun da gatura. Mai hannun yana ta fizga, mashi ya hana shi komawa. Kafaɗa ta fito ta ɓace, rabin fuska ya leƙo, ido ɗaya na zubar da hawaye. Duk abin da ya bayyana sai a sare shi, wani da lauje, wani da gatari. Jini ya jiƙa sauran geron.

Ƙanwata ta ce, "Inna, me ya sa bai ƙone su ba? Ba aljani ba ne?"

"Wane aljani, 'yar nema? Ba shi da komi sai hanyar da ba mu da ita. Yunwa ce tak kawo shi, awa kowa."

Da ya mutu, abin da ya faɗo gabansu ramamme ne, ana ƙirga ƙasusuwansa. Aka kwance Tanko. Ya rayu, amma bai sake miƙewa sosai ba.

Bayan kwanaki Hajo na sharar kufan rumbun, sai ta ga hannuwa huɗu ƙanana, irin na yara, suna lalube a inda gero yake a da. Ba ta kira kowa ba. Kullum sai ta rage tsabar da aka ba ta, ta zuba a wurin. A nan Inna takan tsaya, ladan ya kira salla.

Inna ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Kwanan baya 'yata, mai son ƙagaggun labaran kimiyya, take gaya mini cewa a cikinsu irin waɗannan halittu sukan ruguje birane, su juya zamani yadda suka so. Na ba ta labarin Inna. Na ce ni abin da girma ya nuna mini shi ne, wanda ya fi ka gani ba lallai ya fi ka ƙarfi ba. Gani da iko ba su cika ga kowa ba sai Allah. Mutanen nan sun daki Tanko don sun san ba ya iya ramawa, sun sassare baƙon don suna zaton zai iya, kuma a cikin biyun ba wanda suka tsaya suka saurara.

Sai ta ce, "Baba, yaran sun rayu?"

Ban sani ba. Sau da yawa Inna ta ba mu labarin nan, mu kusan goma, muna ta murnar an kwance Tanko. Ba wanda ya taɓa tambaya.